Akwati Mai Kwaɗo Uku: Wa Zai Riƙe Iyalan Sarkin Yamma In Baƙo Ya Tafi?

A farkon shekara ta 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bai wa ƙasashen waje, kuma kafin damanar shekarar ta yi nisa ta rufe hukumarta ta USAID. Waɗansu ƙasashen Turai su ma sun rage abin da suke bayarwa. A nan gida kuwa, Hukuma ta janye wa waɗansu ƙungiyoyin agaji izinin aiki, kamar ƙungiyar Acted a watan Nuwamba na 2024, da ƙungiyar CICR a watan Fabrairu na 2025. An ji labarin duk a rediyo, amma inda ake jin nauyinsa shi ne cikin gidajen talakawa, wurin uwar da ta saba kai ɗanta awo, da magidancin da rumbunsa ke ƙarewa tun hatsi bai yi bununi ba.

Saboda haka ya kamata a zauna a duba abin da shekarun taimako suka bari a ƙasa. Ƙaramar hukumar Sarkin Yamma wuri ne da ya dace da wannan dubawa. Ita ce ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, sauran su ne Madarunfa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo. Tana kudu maso yamma da birnin Maradi, kusa da shi ƙwarai, kuma ba ta da nisa da iyakar Najeriya. Ƙungiyoyi da yawa sun yi aiki a wannan gunduma, waɗansu sun daɗe, waɗansu sun yi shekara biyu ko uku suka naɗe tabarma. Abin da ya fito fili shi ne, taimakon da mutanen gari suka riƙe makullinsa da hannunsu shi ya fi daɗewa bayan motar baƙo ta juya.

Zaman gefen birni

Wanda ke zaune a gefen birni yana da riba, yana kuma da wahalar da ba kowa ke ganinta ba. Ribar ita ce kasuwa. Mutumin Sarkin Yamma yana iya ɗaukar kayan lambu ko itace ko ɗan akuya da safe ya kai Maradi, ya komo gida kafin magariba. Saurayi yana iya yin kabu-kabu ko dako ko aikin gini a birni ya kwana garinsu. Fadamar Gulbin Maradi kuma tana ba da zogale da tumatir da albasa ga wanda ke da ɗan fili a cikinta, ko da yake ruwan gulbin ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990.

Wahalar kuwa ta ƙasa ce. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, kuma kudancin jihar ya fi ko'ina cunkoso. Binciken lafiya na wannan shekara ya nuna macen jihar Maradi tana haihuwar ɗiya takwas da ɗoriya a tsawon rayuwarta, in an yi tsaka-tsaki. Da irin wannan ƙaruwa jama'a na ninka kanta cikin shekara ashirin ko kusa da haka, gona kuwa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma shi da ƙannensa an raba shi ga ɗiya, an sake raba shi ga jikoki, har ya zama ɗan yanki da ba ya ciyar da gida wata huɗu. In ciwo ya zo, ko aure, ko suna, sai a jinginar da yankin nan ga mai kuɗi, sau da yawa ɗan kasuwa ko ma'aikaci na birni. Jingina kuwa in ta daɗe takan zama saye.

Farkon wanda ke rasa ƙasa ita ce mace. A da miji yakan yanka wa matarsa gamana, ta noma gyaɗa ko wake ko ridi, abin da ta samu nata ne, da shi take sayen sabulu da kayan miya da maganin yaro. Masu bincike Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun nuna tun a 2004 yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Maradi ke fid da mata daga gona, har mutane suka sa wa abin suna kublin gona. Macen da ba ta da gamana sai ta koma ga tuya da dahuwa, kuma tun da ba ta fita, ɗiyarta ce ke ɗaukar talla. Yarinyar da ke talla da safe ba ta zama lakwal. Yaron da gidansu ba hatsi kuwa akan tura shi almajiranci Maradi ko Katsina ko Kano, tun bai san ciwon kansa ba.

Ga kuma iyaka. Cinikin wannan yanki a ɗaure yake da na Najeriya, har naira tana yawo a kasuwanninsa kamar sefa. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Maris 2024 saboda takunkumin CEDEAO. A 2023 ɗin dai Najeriya ta janye tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi, sai ƴan ruwa-ruwa da ƴan ci-rani suka ga abin da suke kawowa gida ya ragu. Iyalin gefen birni ke nan: rabin abincinsa daga gona, rabi daga kasuwa, kuma ko wanne ya girgiza sai tukunya ta ji. Abin da irin wannan gida ke nema shi ne ya san abin da zai ci gobe, ya san ɗansa zai ƙare shekara a aji guda, ya san ciwon dare ɗaya ba zai ci gonarsa ba.

Daga gayya zuwa ƙungiya

Taimakon juna ba baƙo ba ne a ƙasar Katsinar Maradi. Shi kansa birnin Maradi masu gudun hijira ne suka kafa shi, Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suka zauna bakin gulbi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, kuma mutanen da suka tarar suka karɓe su. Gayya da buki da adashe da zakka da fid da kai duk hanyoyi ne da jama'a ta gada don kada wani ya faɗi shi kaɗai. Sai dai kowace tana da iyakarta. Gayya tana son gona mai faɗi. Buki bashi ne da ake ramawa, wanda bai da abin ramawa sannu a hankali akan daina kai masa. Adashe kuma yana zuwa ne bisa layi, ba ya duban ranar da yaro ya kwanta.

Zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afirilu 1974 a tsakiyar fari, Hukuma ta rayar da Samariya ta ɗora mata aikin gayya na ƙasa: ginin azuzuwa, gyaran rijiyoyi, dashen itatuwa. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Maradi suka sa wa suna Ƴar Buhari saboda ta haɗu da rufe iyaka, sai aka tura jama'a noman rani. A shekarar ce kuma, cikin watan Maris, aka fid da doka mai lamba 84-06 wadda ta tsara yadda ake kafa ƙungiyoyi. An yi aiki mai yawa a wancan zamani, babu mai musu. Amma umurni daga sama yake zuwa, kuma da mulki ya sake a farkon shekarun 1990 Samariya ta kwanta tare da shi.

Mata Masu Dubara

A shekara ta 1991 ƙungiyar CARE ta soma wani ɗan ƙaramin aiki da matan ƙauyukan jihar Maradi, ƙarƙashin wata ma'aikaciya ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran shi ne ba a kawo wa matan kuɗi ba. An ɗauki adashen da suka sani tun iyaye, aka gyara masa tsari, aka sa masa suna Mata Masu Dubara.

Ga yadda abin yake. Mata wajen talatin waɗanda suka yarda da juna sukan haɗu rana ɗaya kowane mako. Kowace ta zuba abin da ƙungiya ta yanke, a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana kwana ɗakin ta huɗu, saboda haka ba mai iya buɗe shi sai taro ya cika. Wadda ke son jari sai ta ɗauki bashi na ƴan makonni, ta maido da ɗan ƙari wanda ƙungiya ta amince da shi. Akwai kuma ɗan asusu na gefe domin rasuwa ko ciwo ko gobara. In shekara ta kewayo, sau da yawa dab da damana ko salla, sai a fasa akwati a raba, kowace ta sami abin da ta zuba da rabonta na riba, sa'an nan a sake sabon zubi.

A misali, in mata talatin suka zuba dala ashirin-ashirin kowane mako, jika uku ke nan a mako. Cikin mako arba'in an tara jika 120, ban da ribar da bashi ya haifar. Ga ma'aikacin da ke karɓar albashi wannan ba wani abu ba ne. Ga macen da in ɗanta ya yi zazzaɓi da dare sai ta sayar da tunkiyarta rabin kuɗi, ko ta ci bashin tiya ɗaya ta biya biyu da kaka, wannan akwati shi ne tsakaninta da tsiya.

Bayan wata takwas ko shekara ɗaya ma'aikaciyar da ta koya musu takan janye, ƙungiya ta ci gaba ita kaɗai. Nan ne hikimar take. Tun da kuɗin nasu ne, su ke tsaronsa. Wadda ta ƙi biya maƙwabciyarta ta cuta, kuma gobe za su gamu bakin rijiya. Matan da suka ƙware sukan tafi garin da ke kusa su koya wa waɗansu, a biya su ɗan abin goro, har abin ya bazu inda ma'aikatan CARE ba su taɓa takawa ba. Daga baya ƙungiyoyin suka haɗu suka yi tarayya, suka buɗe bankunan cimaka, suka sayi awaki suna ba juna kiwo, kuma tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 waɗansu daga cikin matan suka tsaya takara suka zama kansiloli. Dubarar da aka soma a ƙauyukan Maradi yau ana aiki da ita a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, mutane miliyoyi suna zubi bisa tsarinta.

Darasin shekarar 2005

Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. Kafin tsakiyar 2005 buhun hatsi ya kai jika talatin a waɗansu kasuwanni. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne, inda tamowa ta fi kama yara shi ne kudancin Maradi, wurin da ake kira rumbun ƙasa, alhali kasuwannin birni cike suke da hatsi. Hatsin yana nan, kuɗin saye ne babu. Talaka ya sayar da amfaninsa da arha tun da kaka don ya biya bashi, ya komo yana saye da tsada da bazara. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a ƙasar Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi, da abincin nan na gyaɗa da madara wanda uwa ke iya bai wa ɗanta a gida. An ceci rayuka masu yawa, kuma ba wanda zai manta da wannan alheri.

Amma a watan Yuli na 2008 gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maradi. Cikin ɗan lokaci wuraren da iyaye suka saba kai ɗiyansu suka rage ma'aikata. Abin da ya taimaka wajen toshe wannan giɓi a gundumar Madarunfa shi ne wata ƙungiya ta likitoci ƴan ƙasa mai suna FORSANI, wadda ta karɓi aikin tamowa tana yi tare da gidajen likita na Hukuma. Wannan darasi ne babba: ƙungiyar waje, komai kirkinta, zamanta yana rataye da takardar izini da kuma aljihun mai ba ta kuɗi. In ba a horar da ƴan gida sun tsaya kusa ba, ranar da ta tafi sai a koma inda aka fito.

Shi ya sa hankali ya koma ga rigakafi cikin gida. Daga 2008 Hukuma da UNICEF suka soma wani aiki a jihohin Maradi da Damagaram na koya wa iyalai halaye takwas masu tsare ran yaro, kuma garuruwan Sarkin Yamma suna cikin wuraren da aka yi shi. Halayen su ne: a ba jariri nono zalla har wata shida, a ƙara masa abinci mai gina jiki bayan haka, uwa da yaro su kwana cikin gidan sauro, a wanke hannu da sabulu, a ba mai zawo ruwan gishiri da sukari, a gane alamun ciwo mai haɗari a gaggauta zuwa likita, a kai yaro allurar rigakafi, a ba da tazara tsakanin haihuwa. Ba ɗaya daga cikinsu da ke son mota ko inji. Masu isar da saƙon kuwa mutanen gari ne, maza da mata, waɗanda gari ya zaɓa, suna bi gida-gida, mai gari da liman suna dafa musu. Ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa kaka kada ta ba jariri ruwa da zafin bazara, ko kada a zubar da dakashi. Baƙo ba ya iya wannan magana. Sai wadda aka yi wasan ƙasa da ita, wadda kowa ya ga nata ɗan ya yi ɓul-ɓul.

Haka kuma a Mirya ta jihar Damagaram ƙungiyar ƴan ƙasa BEFEN da abokiyar aikinta ALIMA sun gwada koya wa uwaye auna damtsen ɗiyansu da ɗan zare mai launi uku. In awo ya faɗa ja, watau ƙasa da milimita 115, yaro yana cikin haɗari, a tafi likita ranar nan. An ga uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya wannan awo daidai, kuma ita ce ke tare da yaro kullum. Ilimin da ya shiga kan uwa ba a janye masa izini.

Jika goma a wata

A shekara ta 2011 Hukuma, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafa wa gidaje mafi talauci a jihohi biyar, har da Maradi. Gidan da aka zaɓa yakan sami jika goma kowane wata har wata 24, kuma a hannun mace ake danƙa kuɗin. Ƙungiyoyi na cikin ƙasa su aka ɗora wa tara matan suna koya musu halayen nan na kiwon yaro. Masu shakka sun ce kuɗin kyauta zai sa mutane lalaci. Abin da aka gani shi ne mata da yawa sun kai wani kashi cikin asusu ko sun sayi bisashe.

Daga baya aka ƙara wa shirin waɗansu abubuwa don a ga wanne ya fi amfani: ƙungiyar asusu, horo kan sana'a, jari na jika tamanin a dunƙule, da kuma tarukan gari inda ake nuna majigi a tattauna da maza da dattawa kan sana'ar mata. Sakamakon binciken ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Duk hanyoyin sun ƙara wa gidaje abin shiga da abinci. Amma in an auna amfani da abin da aka kashe, hanyar da ta dogara ga horo da tarukan gari, ba tare da jarin nan ba, ita ta fi arha da riba. Ma'anar wannan a fili take. Mace tana iya samun jari ta kasa juya shi in miji da uwar miji da maƙwabta ba su yarda ba. In gari ya yarda, kaɗan ma yana yin albarka.

Inda ƙarfin akwati ya tsaya

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa akwati mai kwaɗo uku maganin kowace cuta ne. Da fari dai, wadda ba ta da ko dala biyar ta zubi ba ta shiga ƙungiya, saboda haka gwauruwa mai marayu da tsohuwa da mai naƙasa, waɗanda suka fi kowa bukata, su ne sau da yawa ke tsaye bayan dangi. Na biyu, asusu yana jure masifar gida ɗaya, amma ba ya jure wadda ta faɗa wa gari duka. A damanar 2024 ambaliya ta taɓa mutum wajen miliyan ɗaya da rabi a ƙasar nan, jihar Maradi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun rushe ko sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. A irin wannan shekara kowace mace bashi take nema, ba mai zubi.

Na uku shi ne tsaro. Tun 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi bakin iyaka. A shekarar nan mutum fiye da dubu 40 suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, mafi yawansu mata da yara, kuma kafin kowace ƙungiya ta iso talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu zaure suka raba tuwo da su. Gundumar Madarunfa ita ma ta ɗanɗana harin dare, musamman garuruwan da ke kusa da dajin Baban Rafi. Kuɗin fansar mutum ɗaya yana iya cinye abin da dangi suka tara shekara goma. Wannan ba aikin ƙungiyar mata ba ne, aikin Hukuma ne.

Haka ma lakwal da likita. Tun 2006 doka ta ce a duba yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta, kuma a watan Agusta na 2024 Hukuma ta rage kuɗin jinya a asibitocinta. A watan Disamba na 2017 an sa hannu kan dokar kare karatun ɗiya mace, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maradi kuwa kusan tara cikin goma. Dokokin nan masu kyau ne. Sai dai in uwa ta bi shawarar mai faɗakarwa ta ɗauki ɗanta zuwa likita ta tarar ba magani, ko ta hana ɗiyarta talla ta tura ta lakwal ta tarar ba malami, to gobe ba za ta saurari kowa ba.

Abin da ya rage a yi

Aiki na farko yana kan ƙaramar hukuma. Tun watan Afirilu na 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa wakilai masu riƙo, nauyin sanin ƙungiyoyin gari ya koma kansu da ma'aikatansu. Ya kamata a san ƙungiyoyin asusu nawa ne ke raye a kowane gari, da bankunan cimaka nawa ke da hatsi a ciki, da masu faɗakarwa nawa suka rage cikin waɗanda aka horar. Duk ƙungiyar da ta zo da sabon aiki a tambaye ta tun ranar farko: in kuɗinku ya ƙare, wa zai riƙe wannan abu, kuma da me? In babu amsa, a gyara tsarin tun ba a aza tubali ba. Kada kuma a kafa sabon kwamiti inda akwai tsoho mai aiki, don yawan kwamiti bisa kuɗin zama shi ke kashe aikin sa kai.

Na biyu yana kan sarakuna da malamai. Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka, in an tsara ta gari-gari bisa shawarar liman da mai gari, tana iya kai wa ga gidajen nan da ba su iya zubi. Maganar ƙarin da ake ɗorawa kan bashin asusu, wadda ke damun zukatan waɗansu, malamai ne za su zauna da matan a samo hanyar da ta dace da addini, maimakon a bar ƙungiya ta watse. Batun gamana da gadon mace kuma a fadar mai gari ake yanke shi kafin ya kai ko'ina.

Na uku yana kan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Ƙungiyoyin farko na Mata Masu Dubara da ka suke riƙe lissafi, kowace ta tuna bashin ta kusa da ita. Wannan ya isa ga mata talatin. Amma in ƙungiyoyi ashirin suka haɗu suka sayi hatsi buhu ɗari, dole sai da littafi, kuma inda ba mai duba littafi nan ne hannu ke shiga. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Babu dalilin da zai sa dokokin ƙungiyar ƙauye da takardar neman izininta da lissafin rumbunta su kasance cikin harshen da masu ita ba su ji. Wanda ya koyi karatu da rubutu da ƙidaya da girmansa, ga inda za shi biya bashin alli: ya zauna ranar zubi, ya rubuta abin da aka ƙirga, ya karanta shi da ƙarfi kowa ya ji.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Taimakon waje in ya zo a karɓe shi da godiya, a kuma sa shi inda ƙarfin gari bai kai ba. Amma yaron Sarkin Yamma da aka haifa bana zai kai shekarar shiga lakwal ko akwai baƙo ko babu, kuma waɗanda za su kai shi can su ne uwarsa da ƙungiyarta, da mai gari, da malamin likita, da Hukumar ƙasarsa. Allah ya ba da damana mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.